Safiyar da Lambar Kafinta Ba Ta Zo Ba

Auta ta yi wanka wayarta na kan taga inda za ta ji ƙararta. Ta shafa mai tana leƙenta, ta ɗaura ɗankwali tana leƙenta, har ta zuge jakar makaranta saƙon bai shigo ba.

Ba saƙon soyayya take jira ba, don wannan Baba ya hana tun ranar da aka tabbatar saurayinta Kafinta na da tarin fuka. Ya hana zuwa zance, ya hana kiran waya, ya ce maganar aure a ajiye ta a gefe. Abu ɗaya kawai ya bari, shi ma don Sista ta asibitin unguwa ce ta zo har gida ta roƙe shi. Ta ce maganin tarin fuka wata shida ake sha ba fashi, kuma duk mai sha sai ya zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa sa masa ido, shi kuwa Kafinta sunan Auta ya bayar.

A ranar ne Sista ta nuna musu katin. Ɗan farin abu ne, bai kai tafin hannun jariri ba, a cikinsa akwai wasu 'yan hanyoyi sirara fiye da silin gashi. Ta ce kullum da safe mara lafiya zai ɗiga fitsarinsa a bakin katin, ɗigon ya bi waɗannan hanyoyi da kansa har ya kai ƙarshe. Idan akwai maganin a jikin mutum, wasu lambobi za su fito a ɗan gilashin da ke tsakiya, sai ya tura su asibiti ta waya, ya kuma tura wa mai sa masa ido. Idan bai sha ba, katin zai tsaya fari fat. Kowane kati da lambarsa daban, ba mai iya cankar ta gobe.

Baba ya daɗe yana jujjuya katin a hannu. Tsohon direban babbar mota ne, ba ya yarda da na'urar da bai ga cikinta ba. Daga ƙarshe ya ce ya amince da lamba, amma lamba kaɗai, ko gaisuwa kada a haɗa. Sannan ya ƙara da maganar da ta zauna wa Auta a ƙirji kamar dutse: ranar da yaron nan ya fasa shan magani, ranar ya fasa aure.

Kowa a gidan ya san dalili. Ƙanin Baba da suke ciki ɗaya, wannan ciwon ne ya yi ajalinsa. Ya fara magani, ya ji sauƙi, ya ce ai ya warke, ya watsar da sauran ƙwayoyin a bayan kujerar mota. Ciwon ya dawo da ƙarfin da magani ya kasa, kuma kafin ya tafi sai da ya bar wa matarsa ciwon.

Don haka wata biyu da 'yan kai ke nan, abin da ke tsakanin Auta da wanda take so bai wuce 'yan lambobi da sassafe ba. Amma wa ya ce lamba ba ta magana? Ita dai idan suka shigo sai ta ji kamar ya ce mata na tashi lafiya, na sha, ina nan kan bakana. Takan rungume wayar ta lumshe ido, ta yi wa wanda ya ƙirƙiro katin nan addu'a, ko wane ne, ko a ina yake.

Yau ga shi rana ta fito sosai, shiru.

A falo ta tarar da Baba yana shan shayi, Goggo ƙanwarsa na gefe tana yanke farce. Ta durƙusa ta gaishe su. Baba bai ɗago ba ya yi tambayar da yake yi kowace safiya, ko lamba ta zo. Auta ta ce tukuna.

"Wataƙila fitsarin ne bai zo ba," in ji Goggo. "Ni tunda nake ban taɓa ganin soyayya irin taku ba. 'Yan mata na samun turare, ke kullum sai sakamakon fitsari. Allah ya sa dai ba shi za a kawo a sadaki ba."

Umma ta yi gyaran murya daga kicin. Baba ya kurɓi shayinsa.

Ranar a ajin da take koyarwa Auta ta rubuta kwanan wata a allo sau biyu, yara suka yi ta dariya. Duk bencin da ta dafa sai ta tuna hannun da ya gyara shi, don a nan ta fara ganin Kafinta, da fensir a bayan kunne, yana lallashin wani tsohon tebur kamar mai lallashin yaro.

Washegari lamba ta zo, har ta yi sujadar godiya. Kashegarinta shiru. Ta sake zuwa, ta sake ɗaukewa. Haka mako ya tafi, yau akwai gobe babu, kamar wutar lantarki. Ba uzuri, ba bayani. Kullum Baba ya tambaya sai ta faɗi gaskiya, shi kuma ya gyaɗa kai kawai.

Cikin wannan makon ne Injiniya ya ƙara yawan zuwa. Ɗan aminin Baba ne, ya daɗe yana son Auta, kuma abin haushin shi ne ba shi da wani aibi da za ta riƙe. Yana da kunya, yana da aiki, yana cire takalmi tun daga ƙofa. Goggo kuwa idan ta ji tsayuwar motarsa har shekarunta raguwa suke yi.

Da yammacin Asabar ya same ta a baranda tana duba littattafan yara. Ya zauna nesa kaɗan, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce Goggo ta gaya masa abin da ke faruwa. Ya ce shi ba ya yi wa kowa fatan ciwo, kuma ba zai ɓata mutumin da ba ya nan ba. Tambaya ɗaya kawai yake so ta yi wa kanta.

"Wanda aka ce ya haɗiye ƙwaya don ya same ki, ya kasa, me kuma zai iya yi saboda ke?"

Ta sunkuyar da kai kan aikinta. Sai hawaye ya ɗiga a kan littafin wani yaro, jan biro ya narke.

Bayan tafiyarsa Baba ya kira ta ɗakinsa. Ya nuna mata gefen gado ta zauna, shi yana kan kujerarsa ta kullum kusa da rediyo. Ya ce ya yi haƙuri mako guda don kada a ce ya yi gaggawa. Ya ce mahaifin Injiniya ya sake yi masa magana, bai ba shi amsa ba, kuma ba zai taɓa ɗaura mata wanda ba ta so ba. Amma wanda take so ɗin, shi Baba ya cire hannunsa daga maganarsa.

"Baba, don Allah ka bari a ji dalili."

"Dalilin na sani, Auta. Ya ji sauƙi. Tari ya lafa, nama ya fara dawowa, sai mutum ya ga kamar ya fi likita sani. Na taɓa jin wannan dalilin daga bakin wanda na goya a bayana."

"Shi ba haka yake ba."

"Haka matar ƙanina ta ce." Ya juya ya gyara eriyar rediyon da ba a kunne yake ba. "Ni na wanke shi da hannuna. Bai kai nauyin buhun auduga ba. Ba zan tsaya ina kallo a kai ki gidan da za a dawo mini da ke a haka ba. Ki ce ni mugu ne, na yarda, in dai kina numfashi kina faɗa."

Ta zame daga gadon ta dafa gwiwarsa tana kuka, ta ce ba ta taɓa ce masa mugu ba ko a zuci. Ta ce abu ɗaya take roƙo, ya bar ta ta bi Sista su je su gani da ido. Idan ta tarar ganganci ne, ita da bakinta za ta ce ta haƙura, ba sai an ce mata ba.

Ya dafa kanta. Sannan ya ce ta je, amma da Sista, kuma ta rufe hanci da baki.

Ashe ita ma Sista ta shirya zuwa. Ta ce kwamfutar asibiti ta nuna mata giɓin tun kwana na biyu, ta kira Kafinta ya fi a ƙirga, sai ya ce mata yana nan lafiya ya kashe waya. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, mai tafiya kamar ana bin ta. A hanya ta ce wa Auta shekarunta da yawa a wannan aiki, ta ga masu mantuwa, ta ga masu gajiya, ta ga waɗanda maganin ke tayar wa zuciya, amma mantuwa ba ta bin layi haka, yau e gobe a'a. Wannan da lissafi ake yin sa.

Shagon Kafinta na gaban gidansu ne, ƙofa ɗaya ta raba su. Ƙamshin katako ya tare su tun daga bakin titi. Injin yanka an lulluɓe shi da buhu, don likita ya hana shi aikin ƙura, sai 'yan ƙananan gyare-gyare. Suka same shi zaune yana ɗaura wa wata kujera ƙafa. Da ya ɗago ya ga Auta, guduma ta suɓuce daga hannunsa.

Ya rame fiye da yadda ta bar shi. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk maganganun da ta tsara a mota suka watse, ta tsaya tana kallonsa ta saman takunkumin fuskarta.

Sista ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ta ce ya kawo mata kwalin magani. Ya shiga ya ɗauko, ta buɗe ta duba, sai ta ɗaure fuska. Babu ƙwaya ko ɗaya da ta yi saura, kowace rana an ɓalle nata. Ta tambaye shi ko zubarwa yake yi, ya ce a'a. Ko sayarwa yake yi, ya ce Allah ya kiyaye. To ina suke zuwa? Ya sunkuyar da kai yana murza ƙusa a tsakanin yatsu.

"Ka dube ni," Auta ta ce. "Ka san abin da Baba ya faɗa tun farko. Kullum sai ya tambaye ni, kullum sai na buɗe baki na faɗi abin da ke kashe ni. Goggo ta mayar da ni abin dariya, ban damu ba. An ce mini ba ka iya haɗiye ƙwaya saboda ni ba, na rasa amsa. Idan ka gaji da ni ne, ka faɗa mini yanzu, zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ka mutu kana yi mini shiru."

"Auta, wallahi ban gaji ba."

"To mene ne?"

A daidai nan ne aka yi tari daga cikin gida.

Tari ne mai zurfi, irin wanda ake dannewa da tsumma amma ya ƙi dannuwa. Ya ja, ya sake ja, har ƙarshensa ya zama kamar kuka. Sista ta kalli labulen ƙofa, ta kalli Kafinta. Shi kuwa ya rufe fuska da tafukansa.

Sista ta ɗaga labulen ta shiga, Auta na biye.

Ɗakin Inna, mahaifiyarsa, a rufe yake ruf, taga an toshe ta da zane. Tsohuwar na zaune a bakin katifa da tsumma a baki. Da ta ga baƙi sai ta yi sauri ta cusa tsumman ƙarƙashin cinya, ta ƙaƙaro murmushi, ta ce mura ce ta sanyin fanka. Sista ba ta yi musu ba. Ta yaye zanen taga, ta buɗe ta, ta zauna kusa da ita ta kama hannunta, ta tambaye ta tun yaushe take zufa da dare, tun yaushe abinci ya fita ranta. Inna ta yi ta kaucewa, har Sista ta tambaye ta a hankali ko fitsarinta ya koma ja-ja kwanan nan, kamar yadda maganin ɗanta ke sa nasa.

Nan tsohuwar ta fashe da kuka.

Daga bakin ƙofa Kafinta ya ba da labarin, yana yi yana tsayawa. Ya ce tarin ya kama Inna makonni da suka wuce. Ya roƙe ta su je asibiti, ta ƙi. Ya durƙusa, ta ƙi. Ya ce zai kira Sista, ta ce idan ya kira ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Shi kuma yana kwance yana jin ta ta bango, ga magani a hannunsa wanda ya san shi ya tashe shi. Sai ya raba. Yau shi, gobe ita.

"Inna, me ya sa?" Auta ta tambaya, ta durƙusa a gabanta.

Inna ta miƙa hannu kamar za ta shafa kanta, sai ta tuna da tarinta, ta janye.

"Saboda ke, 'yar nan. Mutum ɗaya ke ciwo, mahaifinki ya ce a dakata. Idan aka ji mu biyu ne fa? Cewa za a yi gidan masu tari, wa zai ba shi 'ya? Ni na ci zamanina. Na ce in lallaɓa a ɓoye har a ɗaura, in ya so in Allah ya ɗauke ni, na bar shi da mai kula da shi. Ban san abin da nake ci rabonsa ba ne na rai. Ce mini ya yi an ƙara masa ƙwayoyin."

Auta ta kifa kai a gefen katifar. Duk makon nan tana zargin an yi wasa da ita, ashe mutum biyu ne a ɗaki biyu kowa na ƙoƙarin mutuwa a madadin ɗaya.

Sista ta bar su suka yi kukansu, sannan ta yi nata faɗan, kuma ba ta rage komai ba. Ta ce rabin magani ya fi rashin magani haɗari, don ƙwayar cutar ba ta mutuwa, sai dai ta koyi yadda za ta jure, ta dawo da taurin kai. Ta ce da an ƙara wata guda a haka, da wataƙila su biyun sun kai inda wannan maganin ba zai ƙara yi musu aiki ba. Ta ce wa Inna maganin nan kyauta ne, kowa da kwalinsa, kuma yawanci ba a kwantar da mutum, a gida ake sha. Za a gwada majinarta, za a sake gwada ta ɗanta a ga ko cutar ta yi tauri, kuma sakamakon zai ɗan ɗauki lokaci.

Da suka fito shago ta juya ta dubi Kafinta, ta ce akwai abin da ya ɗaure mata kai. A ranakun da Inna ke sha, ai maganin na jikin Inna. Da ya karɓi ɗigo ɗaya daga wurinta ya zuba a katin, da lamba ta fito, da ita Sista har yau tana ofis tana murna. Bai yi tunanin haka ba?

"Na yi," ya ce. "Tun ranar farko na yi. Har na ɗauki katin na nufi ƙofarta." Ya saci kallon Auta. "Sai na tuna wayar da lambar za ta shiga. Ban iya ba. Gara ta ga babu, ta ji haushina."

Sista ta zuge jakarta ta sake buɗewa ba tare da ta ɗauki komai ba. Daga baya a mota ta ce wa Auta katin ya yi aikinsa, ya nuna giɓi tun kafin giɓin ya zama kabari, amma kati ba ya hana mutum ha'inci, wannan sai hali.

Saura Baba. Inna ta roƙi Auta ta rufa musu asiri, ta ce ta faɗa masa mantuwa ce. Auta ta ce ba ta taɓa yi wa Baba ƙarya a kan lambar nan ba, ba kuma za ta fara yau ba, amma ciwon Inna sirrin Inna ne, idan ta hana ba za ta ambata ba, sai dai ta ce masa akwai dalilin da ba nata ba ne. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ɗanta, yadda rigarsa ke lilo a jikinsa. Sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce a faɗa masa duka, a ce ita ce ta ci maganin ɗanta.

Auta ta faɗa masa duka, a gaban Umma da Goggo. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba, har maganar ɗigon da ya ƙi karɓa. Tana gamawa Goggo ta tafa hannu ta ce to ai magana ta ƙare, da ɗaya ne yanzu biyu, gida ya zama asibiti, sai a kira mahaifin Injiniya a huta. Umma, wadda ba ta cika sa baki ba, ta ce ita dai da a ce ita ce ke tari a ɗaki, ba ta san ko cikin 'ya'yan da ta haifa akwai mai raba ransa biyu ya ba ta rabi ba.

Baba ya gama saurare. Ya tashi ya shiga ɗaki. Ranar ko abincin rana bai fito ci ba.

Washegari da safe Auta na shara ta ji ana tayar da tsohuwar motarsa, wadda ba ya fitar da ita sai da babban dalili. Ta yi tari, ta mutu, ta sake tashi. Ya leƙo ta taga ya ce ta ɗauko abin rufe fuska guda biyu ta shigo. Ba ta tambayi inda za su ba har suka tsaya a ƙofar shagon.

Kafinta ya fito da sauri ya zube a ƙasa. Baba ya ce ya tashi, ƙasa da sanyi. Ya ce a gaya wa Inna ta shirya, shi zai kai ta asibiti, don bai kamata mai irin wannan tari ta shiga motar haya ta cakuɗu da jama'a ba. Auta ta shiga ta taimaka mata, ta fito da ita a hankali ta zaunar a kujerar baya, ta sauke gilasai duka. Inna sai sunne kai take yi tana jero godiya, Baba ya ce ta bari, ai ciwo ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne ke kisa.

Sannan ya koma cikin shagon, ya tsaya a gaban Kafinta, hannuwansa a baya. Auta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka yi wauta," in ji Baba. "Wauta babba. Ka kusa kashe kanka, ka kusa kashe wadda kake son ceta, ka sa 'yata kuka mako guda."

"Na yi, Baba."

"Na ce ranar da ka fasa magani ka fasa aure. Jiya na wuni ina neman yadda zan tsaya kan maganata, don ban saba janye ta ba." Ya ja numfashi. "Ƙanina da ya daina sha, kullum na tambaye shi sai ya ce ya sha. Har ranar da ya faɗi yana ce mini ya sha. Da na samu mai gaya mini babu, ko mutum ko kati, da wataƙila yau yana nan. Kai ka yi wauta, amma ba ka yi ƙarya ba. Wauta ana warkewa."

Kafinta ya kasa ɗago kai. Ya ce akwai gwajin da ake jira, Sista ta ce idan cutar ta yi tauri maganin zai ƙara tsawo, wataƙila fiye da shekara, kuma shi ba zai so a tsare Auta tana jiran abin da ba a san ƙarshensa ba.

Baba ya ce wannan ita za a tambaya. Bai juyo ba, amma ya jira.

"Zan jira," Auta ta ce. Takunkumin fuskarta ya jiƙe sharkaf, ya manne mata a baki.

Baba ya gyaɗa kai. Ya taka zuwa inda aka jingine katakai a bango, ya ƙwanƙwasa wannan, ya shafa wancan, kamar yadda yake duba taya kafin doguwar tafiya. Ya tsaya a kan wasu jajaye masu kauri, ya tambaya ko gara na cin irinsu. Kafinta ya ce ba ta ci, sun fi kowanne ƙarko a shagon.

"To ka ware mini su, kada ka ba kowa. Kuma kada in ji ka taɓa zarto sai ranar da Sista ta sallame ka da bakinta."

"Me za a yi da su, Baba?"

"Kabad na littattafai, mai faɗi. Ina da 'ya malama, littattafanta sun cinye mini gida." Ya nufi ƙofa, ya ratsa ta gefen Auta ba tare da ya dube ta ba. "Kai za ka san girman bangon da za a jingina shi."